Yaron ya ce shi zane zai karanta, akwai abinci a ciki kuwa?

Kawun Yara: Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema kuma ina so waɗanda suka san harkar su yi magana. Ɗan yayana ne yake hannuna nan Agege, yana SS2, yaron nan tun yana firamare ba ya ajiye fensir, bayan littafin lissafi zane, bangon ɗaki zane, kwalin taliya ma in ya samu sai ya farke shi ya zana danfo da kwandasta yana lilo a ƙofa. Yanzu ya tsaya kai da fata wai in ya gama shi Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba nan Legas, zai je ya karanta zane. Ubansa ya bugo daga gida ya ce in kai shi kasuwa kawai ya koyi nema. Ni kuma na rasa ta cewa don gaskiya ban taɓa ganin Bahaushen da ya riƙe gida da zane ba.

Mai Albasa Mile 12: Wslm. Kawu ai kai ma ka san amsa, uban yaro ya gama magana. Ka kawo min shi Mile 12 ya san buhu ya san dillali ya san yadda ake ciniki da Yarbawa, zanen a yi shi da daddare in an dawo. Duk mun yi wannan muna yara, ni motar kara nake hadawa har da taya da sitiyari duk unguwa ba kamata, yau gani ina albasa kuma alhamdulillah.

Maman Biyu: Kai Alhaji daga tambaya sai kasuwa, ku bari mana masu yi su zo. Ina 'Yar Zane take ne? a taɓo mana ita

'Yar Zane: Ga ni Anti. Kawu ina wuni. Zan yi dogon rubutu ku yi haƙuri don abin ya taɓa ni.

Ni a Idi-Araba na tashi, kuma da lalle na fara. Ina bin yayata gidajen biki ina riƙe mata kaya, in mun dawo sai in zauna in zana fulawowin a takarda in canza musu fasali, har ta kai amare suna zaɓar nawa a cikin littafin ba su san na ƙaramar ba ne. A lokacin ba wanda ya kira shi baiwa, cewa ake yi yarinyar nan ta cika ɓarnar takarda. Malamin zane na sakandare ne ya ce in zauna jarabawar zane a WAEC, daga nan na shiga Yabatech, ND shekara 2 inda ake haɗa maka komai, zanen fensir da fenti da sassaƙa da yadi, sai shekarar koyon aiki, sannan HND shekara 2 wanda a nan ne kake zaɓar layinka, ni na zaɓi girafiks.

Abin da nake so Kawu ya gane shi ne zanen da yaro yake yi a bayan littafi daban, sana'ar kuma daban. Na farko don kanka kake yi, lokacin da ka ga dama, abin da ka ga dama. Sana'a kuwa wani ne zai zo da matsalarsa, mai kilishi yana so ledarsa ta shiga manyan kantunan Lekki ba a raina ta ba, makaranta tana son littafin yara mai hotuna, asibiti na son fostar rigakafi da wadda ba ta iya karatu ba za ta kalla ta gane, kuma duk za su ce jibi suke so. In yaron zai iya jure a ce masa wannan bai yi ba sake, ya sake ba tare da ya yi fushi ba, to akwai abinci. Ni da shi nake biyan haya da kuɗin makarantar ƙannena. In kuwa yabo kawai yake so to gara kasuwar.

Mai Albasa Mile 12: Hajiya ke mace ce, hayar da kike biya taimako ne. Namiji fa aure zai yi ya ciyar da mutum goma.

'Yar Zane: Alhaji da girmanku, mai gidan haya bai taɓa rage min ko sisi don ni mace ce ba.

Oga Firinta: Hahaha ta gama da kai Alhaji. Bari in sa baki ni da nake Shomolu, duk wanda ya san Legas ya san nan ne cibiyar ɗab'i, kalanda, katin biki, kwalin magani, littafi, fostar 'yan siyasa duk daga lungunan nan suke fita. Ni ban yi Yabatech ba, yaron shago na yi har aka yaye ni, kuma ina da mata da yara kuma ba albasa nake sayarwa ba. Amma zan faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa masu digiri daɗi ba, yara da yawa suna zuwa da takardar makaranta da hannu mai kyau amma ba su san yadda inji yake ba. Zai kawo maka aiki a RGB, kalar allon waya kenan, shuɗi yana ƙyalli kamar me, alhali inji da tawada 4 yake aiki wato CMYK, in aka buga sai shuɗin ya dushe kwastoma ya ce mun cuce shi. Ko ya ɗauko hoto daga Facebook ya ce a buga masa a fleks mai faɗin bango, hoton da kaifinsa ko 300 dpi bai kusa ba, ya fito duk a farfashe. Ko ya kai rubutu har bakin takarda bai bar milimita 3 ɗin da wuƙa za ta ci ba. Waɗannan ba a koyonsu da baiwa, sai ka tsaya kusa da inji tawada ta ɓata maka riga.

Shawarata Kawu, duk hutu ka turo shi Shomolu ko Mushin ya zauna a shago, ya koyi manhajar zane ta CorelDraw don ita ce yaren da ake ji a nan, sannan ya yi makarantarsa. Biyun ba sa faɗa.

Ɗan Obalende: Oga CorelDraw kuma a wannan zamanin? 😂 duniya ta koma Figma da Illustrator, ni ma da waya kawai na fara da PixelLab da Canva ina yi wa masu sayar da atamfa da turaren wuta a Instagram, yanzu ina da kwastomomi har Kano da Yamai ban taɓa ganin fuskarsu ba

Oga Firinta: Ƙanena ka yi ta Figma ɗinka, ranar da kwastomarka ta ce a buga mata sitika 5000 wurina za ka zo kuma zan tambaye ka fayil ɗin da zai buɗu a injina. Figma na masu tsara manhaja ne da shafin intanet, layi ne mai kyau kuma akwai kuɗi, amma ba shi ne ɗab'i ba.

Almajirin Malam: Salamu alaikum. Ina ta karantawa ban ga wanda ya taɓo babban abin ba. Kafin a yi maganar abinci a fara tambaya halal ne? Hadisai sun zo a Bukhari da Muslim da gargaɗi mai tsanani a kan masu yin surar abu mai rai. Yaron nan an ce har kwandasta yake zanawa. Kar mu tura ɗan mutane hanyar da za ta zame masa nadama saboda kuɗin haya.

Maman Biyu: To fa. Ni ma wlh abin da ya hana ni ƙarfafa wa 'yata kenan, in ta zana mutum sai gabana ya faɗi in ce ta ja layi a wuya

Tsohon Ticha: Malam ya kawo magana mai nauyi kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Abin da na karanta a gaban malamaina shi ne, kusan babu saɓani a kan halaccin zanen abin da ba shi da rai, itace, gini, mota, fulawa, rubutu, kuma ya zo cewa Ibn Abbas ya ba wani mai sana'ar sura shawarar ya koma yin itatuwa da abin da ba rai. Babu kuma saɓani a kan haramcin gunkin da ake girmamawa. Inda malamai suka rabu shi ne zanen da ke shimfiɗe a takarda ko yadi. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kai, haramcin yana kan cikakkiyar sura mai inuwa wato mutum-mutumi, shimfiɗaɗɗen zane kuwa sun sanya shi a babin karhanci ko barin abin da ya fi. Wasu malaman sun tsananta sun haramta duka. Saboda haka Kawu ya je wurin malamin da ya yarda da shi ya zauna da shi da yaron, kar a yanke hukunci a guruf.

Almajirin Malam: Na gode Baba, amma ni dai ina tare da masu tsanantawa, barin shubuha ya fi.

'Yar Zane: Malam ban ƙi taku ba, kuma ko a kan fahimtarku aka tsaya ƙofar ba ta rufe ba. Yawancin aikin da ke shigo min babu mai rai a ciki sam, logo ne, kwalin kaya, tsarin littafi, zanen yadi, taswira, allon shago. Akwai abokin karatuna da ya ɗauki alkawarin ba zai zana fuska ba kuma har yau bai zana ba, rubutun larabci na ado da zanen tayil da katin walima yake yi, Yarbawa musulmi suna rububinsa lokacin azumi da aikin Hajji. Ni ina zana mutane a littafin yara bisa fatawar da na gamsu da ita, shi ba ya yi, kuma muna tura wa juna aiki.

Tsohon Ticha: Kuma tunda an zo nan bari in ɗan yi tsawo, ku yafe wa tsoho. Wannan magana da Kawu ya yi cewa bai taɓa ganin Bahaushen da ya riƙe gida da zane ba, ni ina ganin ya gani bai dai kira shi da sunan ba. Mai zayyanar allo da ake kai wa aiki in yaro zai yi sauka mene ne? Wanda yake zana aska takwas a jikin babbar riga kafin maɗinki ya sa allura fa? Mai zanen hula, mai fentin bayan babbar mota da yake zana dawisu da masallaci da karin magana, maginan da suka yi adon bangon gidajen Zariya da Kano da dagin Arewa a saman ƙofa. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 har yau ɗaliban gine-gine suna zuwa kallon aikinsa. Duk waɗannan da ido da hannu suka ci abinci kuma da mutuncinsu.

Ta ɓangaren boko kuma, abin mamaki shi ne a ƙasarmu aka yi juyin amma mu muka tsaya kallo. Nan Legas Aina Onabolu ne ya yi ta fafutuka har aka sa zane a darussan makarantu tun zamanin Turawa. Amma a Zariya ne a 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama ABU a 1962 suka kafa ƙungiyarsu, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka ce ba za su yi ta kwaikwayon Turawa kawai ba, za su ɗauki dabarar boko su haɗa da adon gargajiyar garuruwansu. Shi Grillo ɗan Legas ne musulmi, ya dawo ya shekara da shekaru yana jagorantar sashen zane a Yabatech ɗin nan da yaron yake so, ya rasu a 2021. Ita kanta makarantar tun 1947 take. Tutar da muke sara wa ma ɗalibi ne ya zana ta, Taiwo Akinkunmi, a gasar 1959 aka ba shi fam 100.

Mai Albasa Mile 12: Baba duk sunayen da kuka lissafo ban ji namu ba, Okeke, Grillo, Taiwo. Ai maganata kenan, harkarsu ce, su suka san juna su suke ba juna aiki. Yaro yana zuwa ofis a Ikeja ya ce sunansa wane daga Agege sai a ce aboki ka zo gadi ne

Ɗan Obalende: Wannan kam ta faru da ni, na je kai aiki wani kamfani mai gadi ya nuna min inda 'yan acaɓa suke ajiye saƙo. Amma da na buɗe laftof magana ta canza. Kuma Alhaji zanen barkwancin Mustapha Bulama na Daily Trust ai kai ma ka sha tura mana shi a nan guruf ɗin

Mai Albasa Mile 12: Mutum daya kenan a cikin miliyan nawa

'Yar Zane: Ƙarancinmu da Alhaji yake gani a matsayin matsala ni shi ne jarina. Kamfanonin da suke Legas, na sadarwa da bankuna da masu taliya da madara da ƙungiyoyin lafiya, duk suna son su sayar a Arewa, kuma a nan ake tsara tallan. Sau nawa kuka ga allon talla da Hausa an rubuta shirme? ko an zana Bahaushe da rawanin da ba a naɗa shi haka a ko'ina, ko mace da ɗaurin da ba namu ba, ko a ɗauko raƙumi a liƙa kamar kowa a Arewa a kansa yake zuwa aiki. Mai zanen da ya san bambancin hular Zanna Bukar da ƙube, ya san yadda zaure yake da yadda ake zama a tabarma a ci tuwo, ya san abin da in an sa a fosta dattawa za su yage ta, wannan yana da abin da ɗan Lekki ba zai samu a Google ba.

Ga kuma matsalar haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Yawancin salon rubutun da masu dizain suke so ba su da su, sai ka ga an buga littafi wurin harafin ya fito akwati ko an cusa wani salo daban a tsakiyar kalma. Wanda ba ya jin Hausa ba zai ma lura ba. Ni kafin in fara aikin Hausa sai na gwada haruffan nan, irin su Noto da Andika da Charis suna da su kuma kyauta ne.

Oga Firinta: Wannan gaskiya ne, kuma in kin gama ki mayar da rubutun ya zama zane kafin ki turo, in ba haka ba kwamfutar shago ba ta da salon sai ta canza shi da kanta, a wayi gari an buga dubu goma da kuskure. An sha yin asarar takarda a kan haka.

Kawun Yara: Ina biye da ku wallahi ina ƙaruwa. To amma kayan aikin fa? an ce min sai iPad da wani alƙalami mai tsada, ni ɗinki nake yi ba zan iya ba

Ɗan Obalende: Kawu kar kowa ya tsorata ku. iPad saboda manhajar zane ta Procreate ne don a kansa take aiki, yana da daɗi amma ba dole ba ne. A wayar Android akwai ibisPaint da Sketchbook, a kwamfuta akwai Krita kyauta ce gaba ɗaya, in an samu laftof na hannu sai a haɗa da ƙaramin allon zane na Huion ko XP-Pen ko Wacom, duk akwai su a Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta ta Ikeja

'Yar Zane: Kuma kafin duk wannan, takarda da fensir. Da gaske nake. Ku saya masa littafin zane mai kauri ya riƙa fita da shi, ya zauna tashar jirgin ƙasa ta Agege ko bakin kasuwa ya zana abin da yake gani ba abin da ke kansa ba, hannu, ƙafa, ninkin riga, yadda inuwa take faɗuwa, yadda titi yake tsukewa in ya yi nisa. Yaran da suka fara da kwafar katun ɗin Japan suna iya babban ido da gashi mai tsini amma ka ce su zana tsohuwa tana tankaɗe sai hannu ya tsaya. Na'ura ba ta gyara wannan. Kuma ya riƙa ajiye ayyukansa masu kyau wuri ɗaya, don a wannan sana'ar abin da ka yi ake tambaya kafin takardarka, mu a Behance da Instagram muke zuba namu.

Kuma Kawu tunda ɗinki kuke yi ai kun ma fi kowa kusa, ku ba shi ya fitar muku da sabon zanen wuyan kaftani ku gani ko kwastoma zai zaɓa.

Maman Biyu: Ni na tuna yaron nan da ya zana shugaban Faransa, ba ɗan Legas ba ne?

Ɗan Obalende: Kareem Waris, a 2018 lokacin da Macron ya zo Shrine, gidan kiɗan iyalan Fela a Ikeja, yana ɗan shekara 11 ya zana shi nan take duniya ta ɗauka. Kuma tunda Agege ake magana Lemi Ghariokwu da ya zana bangon faifan Fela guda 26 a Agege aka haife shi kuma shi ya koya wa kansa

'Yar Zane: Allah ya ƙara musu basira, amma ina jin tsoron irin misalan nan a kunnen iyaye. Sai a ɗauka hanyar ita ce ka zana fuskar babban mutum ta fito kamar hoto, ka kai masa, ya yi maka kyauta. Yara nawa ne suke yawo da zanen gwamna a firem suna jira a bakin geti? wannan roƙo ne da fensir. Shi Lemi da kuka ambata ba kamannin fuska ne ya ɗaga shi ba, yana sauraron abin da waƙar take cewa ne ya mayar da shi hoto, tunani ake saya a wurinsa. Yanzu ma hanyoyin sun fi da yawa, akwai masu littafin barkwanci irin Comic Republic nan Legas, akwai Lagos Comic Con da ake yi tun 2012, akwai baje kolin Art X tun 2016 ga masu zanen rataya, kuma a 2024 Disney ta fitar da katun da ta yi da kamfanin Kugali wanda labarinsa a Legas yake. Ya je ya ga waɗannan wuraren da idonsa, ko gidan zanen Nike da ke Lekki, ya san faɗin abin.

Mai Albasa Mile 12: To naji. Amma ku fada min gaskiya, wannan AI din da yarona yake rubuta masa magana ya fito da hoto cikin minti daya kyauta, nan da yaron ya gama HND wa zai biya shi? albasa dai AI ba zai ci ta a madadin mutane ba

Ɗan Obalende: Nan kam Alhaji ka taɓo inda yake mana ciwo. Ƙananan ayyuka sun ragu gsky, fostar maulidi da ta barka da Juma'a da katin gayyata na WhatsApp mutane da kansu suke yi yanzu. Ni ma ina amfani da shi wurin neman fasali kafin in zauna

'Yar Zane: Ya ci ƙasan kasuwar, ba zan musa ba, kuma wanda iyakarsa ya ɗauko samfurin Canva ya canza suna yana cikin haɗari. Amma ku ce masa ya zana muku gidan Bahaushe ku ga abin da zai kawo, wani abu tsakanin Maroko da Indiya, rubutun Hausa kuma ya cakuɗa shi. Littafin yara mai shafi 32 yana buƙatar yarinya ɗaya da fuska ɗaya da ɗankwali ɗaya daga farko har ƙarshe, da wanda zai zauna da marubuci ya ce wannan shafin a bar shi ba rubutu. Ko hakan zai ɗore shekara goma nan gaba Allah ne masani, shi ya sa nake cewa yaro ya koyi tunani da mu'amala da ɗab'i, kar ya tsaya a iya kwafa.

Oga Firinta: Kuma ya koyi karɓar kuɗi, don wallahi abin da yake kashe masu zanenmu ba AI ba ne, kunya ce. Ɗan uwa zai zo ya ce ɗan yi min logo mana ai danna-danna ne kawai, ka kwana uku a kai da man janareto da data, ya ce Allah ya yi albarka ya tafi. Wani ya ce yi min kyauta zan tallata ka. Ni dokata kafin alƙalami rabi, ba a taɓa linzamin kwamfuta sai ya shigo, gyara sau 2 a cikin kuɗin na uku sabon ciniki, kuma duk abin da aka yi magana a rubuta shi ko a WhatsApp ne. Samfurin da za ka tura a gani ka sa masa tambarinka a tsakiya, in ba haka ba za ka gan shi a jikin shago ba a biya ka ba, ya faru da wani yarona da wata mai gidan abinci, har yau tana amfani da shi.

Tsohon Ticha: Akwai doka a kan wannan ai, sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a 2023, kuma akwai hukumar da ke kula da ita. Zane yana cikin abin da ta kare.

Oga Firinta: Baba akwai doka, amma wa zai ɗauki lauya a kan logon dubu ashirin? rabin kuɗinka a aljihu ya fi

'Yar Zane: Duk da haka sanin dokar yana da amfani wurin ciniki da manyan kamfanoni. Kuɗin zanen da za a sa a fosta ɗaya daban, kuɗin wanda za su mallaka gaba ɗaya su buga a kwali da riga da allon titi daban, kuma asalin fayil ɗin da ake iya gyarawa ba a bayar da shi a kyauta. In ya fara girma ya yi rajistar sunan kasuwanci a CAC don kamfani ba ya son tura kuɗi asusun mutum.

Almajirin Malam: Ni dai ina nan a kan bakata, in zai yi ya tsaya a rubutu da ado da abin da ba rai. Kuma a kula da irin aikin da zai karɓa, tallan giya da caca suna da yawa a garin nan kuma su suka fi biya.

'Yar Zane: A wannan kam muna tare Malam, na sha mayar da irinsu.

Mai Albasa Mile 12: Ni har yanzu ban ga abin da ya fi kasuwa ba, shekara biyar a makaranta da wanda ya yi su a Mile 12 ya riga ya fara sauke motarsa. Amma dan wani ne ba nawa ba. Na tafi mota ta iso daga Aliero

Maman Biyu: Ɗan Obalende dan Allah in mutum zai sayi iPad na hannu a Computer Village me zai duba? kar a haɗa ni da yaran bakin titi

Ɗan Obalende: Anti kar ki saya a hannun masu tare mutane a hanya, ki shiga shago mai lamba da rasit. A gabanki a goge shi gaba ɗaya a kunna, in ya nemi iCloud ɗin wani ki ajiye musu kayansu. Ki duba ko samfurin yana karɓar Apple Pencil kuma wanne, don ba kowane alƙalami ke shiga kowane iPad ba, ki ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa ki ga ko akwai inda yake yankewa. Kuma ki je da safe kafin gosulon Ikeja ya taso, in Asabar ce ki yi min magana in raka ki